Mun sa sunansu ga gine-gine, to ina littattafan da sunka rubuta ma yara?

Hutun makaranta da ya wuce ɗiyata mai shekara 8 ta tahi Yamai wurin gwaggonta, anka kai su gidan tarihi na ƙasa ita da sauran yaran gidan, ta dawo Tawa bakinta bai rufuwa, zaki kaza, kura kaza, ƙasusuwan wata dabba ta zamanin da wadda ta fi ɗakinmu tsawo. Cikin labarin nan sai ta tsaya ta ce "Baba, wai wane ne Bubu Hama da anka rubuta sunanshi bakin ƙofa?" Na ce mata malamin makaranta ne, ya yi shugaban majalisar dokoki, kuma ya rubuta littattafai da yawa har da na yara irinki. Ta ce "to sawo min guda."

Wallahi kwana uku na yi ina yawo cikin garin ga. Na shiga wurin masu saida kayan lakwal, akwai kaye, akwai bik, akwai allo da alli da jakkuna, akwai littattafan shirin jarrabawa. Na je wurin masu shimfiɗa littattafai bakin masallaci, nan kam Alhamdulillahi akwai na addini iri-iri, da ƴan littattafan soyayya na Kano da rana ta cinye ma bango. Wani dattijo da na tambaya ya dube ni da kyau ya ce "Mushe, shekara ashirin ina wanga kasuwanci ba a taɓa tambayata littafin tatsuniya ba, kai ne na farko." Ban ga laifinshi ba, ɗan kasuwa abin da ake nema shi yake ɗaukowa. Na koma gida hannu biyu, yarinya ta ce "Baba ka samo?" na ce a'a, kuma tun ranar abin bai bar raina ba, shi ya sa nake wanga rubutu.

Bari in ɗan faɗi ko wane ne mutumin don samarin yanzu da yawa sunan kawai sunka sani. An haihi Bubu Hama a 1906 a Foneko can wajen Tera, ya yi karatu har makarantar William Ponty ta Senegal, ya hito malamin makaranta a 1929 lokacin da ɗan Nijar mai riƙe da alli gaban aji abin kallo ne. Ya shiga siyasa, ya riƙe majalisar dokoki tun 1958 har juyin mulkin 1974, anka tsare shi, ya rasu a Yamai a 1982. Ya rubuta tarihin Sonrai, na Gobir da Sakkwato, na Fulani, na Buzaye, ya ci babbar kyautar adabin baƙar Afirka da littafinshi Kotia-Nima. Duk wannan ana faɗi in an tashi yabonshi wurin taro. Abin da ba a cika faɗi ba, kuma ni shi ya fi taɓa ni, shi ne mutumen ga yana kan kujerar shugaban majalisa, na biyu a ƙasa bayan shugaban ƙasa Diori, ya zauna ya tattara tatsuniyoyi da labaran gargajiya na Nijar har kundi shida, kuma shi da wata marubuciya Bafaransa mai suna Andrée Clair da ta daɗe tana aiki da shi a Yamai sunka fitar da littattafan yara masu zane, ɗaya kan wata kuka mai abin al'ajabi a 1971, wani kan dajinmu a 1972, da wasu bayansu.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Mutum da ke ganawa da shugabannin ƙasashe, bai ga ƙasƙanci ba ne ya rubuta labarin kura da zomo don yaro ɗan shekara bakwai. Mu kuwa yau wanda ya samu ɗan digiri in ka ce mai rubuta ma yara wani abu sai ya ji kamar ka zage shi, shi sai dai babban littafi kan siyasar duniya wanda mutum talatin za su saya, goma su karanta.

Amma kuma ga inda gizo ke saƙa. Littattafan nan da Faransanci anka rubuta su, a Paris anka buga su, kenan tatsuniyar da anka ɗauko daga bakin tsohuwa a ƙauyen Nijar ta tahi ta zauna cikin ɗakin karatun yaran Turawa, jikan tsohuwar kuwa bai taɓa ganin bangon littafin ba. Ban ce laifin Bubu Hama ba ne, zamaninshi kenan, ina maɗaba'ar da za ta buga mai littafi mai launi a Yamai ta 1971? Laifin namu ne mu da munka zo baya, sama da shekara 40 da rasuwarshi, mun sa sunanshi ga gidan tarihi, mun sa ga kyautar adabi, amma ba ka shiga kasuwar Tawa ko ta Ƙonni ko Madawa ka samu tatsuniyarshi guda da Hausa ko da Zabarmanci a ɗan littafi na dala arba'in.

Haka zancen yake ga Abdulaye Mamani, shi kuma mawaƙi ne tun kahin a san shi da labari. An haihe shi a 1932 a Gudumariya, ya yi jam'iyyar adawa ta Sawaba, siyasa ta kore shi daga ƙasa shekara da shekaru har Aljeriya, can cikin gudun hijira ya fitar da kundin waƙoƙinshi a 1972. Ya dawo gida bayan faɗuwar Diori, nan ma bai tsira ba anka kulle shi. A 1980 littafinshi kan Sarauniya Mangu ta Lugu ya hito, wadda ta tsaya ma rundunar Faransa ta Vule da Shanwan a 1899, rundunar nan da ta yi ma Birnin Ƙonni kisan da har yau tsofaffinmu ba su manta ba. Med Hondo, mai shirya fim ɗan Moritaniya, ya maida littafin fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar Fespako a Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a 1993 cikin haɗarin mota a hanyar Damagaram zuwa Yamai, yana tahiya karɓar kyautar da ke ɗauke da sunan Bubu Hama, mutumin da sunka yi zaman adawa mai zafi da jam'iyyarshi. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, siyasa ta raba su, alƙalami ya so ya haɗa su, ajali ya riga. Yau ko'ina Sarauniya, sunan makarantu, sunan shaguna, sunan lambar girma, amma yaro ɗan aji uku a Illela ko Buza ba ya da ɗan littafi mai shafi 16 da hoto da zai karanta labarinta da harshen da ita kanta ta yi magana da shi.

Ni dai na san abin da rashin nan ya yi mana don na sha shi. Mu da munka yi lakwal lokacin sambol, in ka kuskure ka yi Hausa cikin filin makaranta a rataya ma abin wuya, wanda ya kwana da shi ya sha bulala da safe. Ana ba mu resitasiyo mu hardace, ta La Fontaine ta hankaka da dila, mu miƙe mu harɗe hannu mu zubo ta kamar ruwan famfo ba mu san mi muke cewa ba. Hankaka na riƙe da fromaj a baki, shekara nawa ina faɗin kalmar nan ban san ɗan'uwan cuku ba ne, cukun da ke cike da kasuwarmu, wanda innata ke dakawa cikin fura. Da an ce mana hankaka ya sato cuku dila ya yi mai daɗin baki har ya saki, da ajin nan gaba ɗaya ya fashe da dariya kuma da mun riƙe darasin har tsufa. Sai anka mayar mana da waƙa abin tsoro, abin da ake duka a kanshi.

Mutum guda ne ya cece ni daga ƙin waƙa, wani mushe da ya koyar da mu a aji biyu, Allah ya jiƙanshi da rahama. Yana da wani kaye mai bango shuɗi da ya cika da ƴan waƙoƙin da shi da kanshi ya tsara da Hausa, in la'asar ta yi an gaji sai ya tura ƙofa ya ce to ku matso, ya rera muna amsawa. Akwai ta ƙirga, akwai ta kwanakin mako, akwai ta wanke hannu, akwai wadda har yau in na ga hadari sai ta zo min baki:

Shamuwa ta dawo,
Ta yi sheƙa kan gawo,
Baba, iri ɗauko,
Ga hadari ya taso.

Ɗango huɗu kawai. Amma daga nan ya shiga yi mana bayanin domi shamuwa ke zuwa gab da damina, ina take tahiya da rani, domi gawo shi kaɗai ke zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke tohowa kuma domi hatsin da ke ƙarƙashinshi ya fi kyau. Ilimin da na samu cikin baitin ga ya fi na resitasiyo goma. Mutumen nan mawaƙi ne na gaske, ya san kari, ya san amsa-amo, ya san numfashin yaro inda yake tsayawa, amma har ya yi ritaya har ya koma ga Mahaliccinshi ba a taɓa kiranshi marubuci ba, ba a buga mai ko shafi guda ba. Da na je gaisuwa bayan rasuwarshi na tambayi iyalinshi kayen nan, uwargidanshi ta ce "ɗana, gara ta cinye akwatin takardun tun bara waccan." Na zauna na rasa abin cewa. Kuma na tabbata irinshi suna da yawa, a Keita, a Abalak, a Bagaruwa, malamai maza da mata masu kaye cike da waƙoƙin yara da ba wanda ya taɓa ce musu kawo mu gani.

To shi ya sa nake cewa wanda ya ba da rayuwarshi ga waƙa da rubutun yara ba ƙaramin marubuci ba ne, a ganina ma shi ne tushe, don duk mai karanta babban littafi sai da wani ya fara jawo shi da ƙarami. Kuma aikin ya fi wuya. Babba in ka gundure shi zai daure don kunya ya kai ƙarshe, yaro kuwa shafi biyu in bai ji daɗi ba ya aje ya tahi langa. Ba ka ɓoye rashin gwaninta bayan manyan kalmomi. Kowace kalma sai ta zauna daram a baki, sai ta reru, sai ta zamo wadda yaro zai iya ɗauka ya kai ma ƙanenshi.

Na san abin da za a ce min don an riga an faɗa min a fada muna shan shayi. Wani abokina ya ce "kai Mushe, ƙasar da yara ke karatu cikin ajin zana, wasu makarantun ma an rufe su saboda rashin tsaro, hatsi ya yi tsada, kai kana zancen tatsuniya?" Maganarshi da gaskiya ciki, ban musa ba, ni ma cikin ajin zana na fara koyarwa kuma na san yaron da bai karya ba bai jin karatu. Amma ai yaron da ke cikin ajin zanan karatu anka kawo shi ya koya, to mi zai karanta? Muna koya ma yaro haɗa baƙi da wasali sannan mu sallame shi cikin garin da babu abin karantawa sai allon shago da takardar magani, kamar ka koya ma mutum iyo ka kai shi tudun rairayi. Bayan shekara biyu karatun ya zube, sai mu ce yaran yanzu ba su da ƙwaƙwalwa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kenan rabin ƙasa ne ba a rubuta ma komi. Kuma yaron da anka koro daga ƙauyensu, makarantarsu a rufe, ɗan littafin da zai sa aljihu shi ne makarantar da ta rage mai.

Wani kuma ya ce ai tatsuniya ƙarya ce, waƙa kuwa aikin maroƙa, ɗan mutunci bai yi. Wannan kam ban yarda ba ko kaɗan, kuma amsar tana cikin tarihinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da anka haifa a Maratta nan cikin jiharmu kusa da Galmi, da waƙa ya yi wa'azi. Ɗiyarshi Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta ba jajis ɗinta su hardace su shiga ƙauyuka su koya ma mata, ƴan taru kenan. Domi ta zaɓi waƙa? Don ta san abin da anka rera shi ke zama a kai, mace na daka tana maimaitawa, yaron da ke goye yana ji. Hanyar da magabata sunka bi sunka karantar da jama'a ba ta zama abin kunya yau ba. Tatsuniya kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar ta labarin gaske, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" yaro ya san an shiga wata duniya, a can zai ga kwaɗayin kura ya kai ta ga halaka, ya ga wayon Gizo wani lokaci ya fisshe shi wani lokaci ya kunyata shi gaban Ƙoƙi, ya ga marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi mai nisa ta dawo da alheri saboda ladabinta, in an ce "ƙurunƙus" a dawo gida. Kakata ba ta taɓa yi min lacca kan haƙuri ba, labari ta ba ni.

Sai masu cewa ai yanzu zamanin waya ne, yara na kallon katun, littafi ya mutu. Ni ma akwai waya gidana kuma ina ganin abin da suke kallo, rabi da harsunan da ba su ji, rabi kuma abin da bai kamata su gani ba. Dandalin da ƴan mata ke gaɗa da farin wata ya ragu, tsohuwar da ke tara jikoki bayan isha ita ma jikokin sun watse wurin allon waya, a Adar kuma ga bida, uba na Abijan ko Libiya wata tara cikin shekara, uwa ta gaji da aikin yini. Dā baki ne ke riƙe da kayan nan, to bakin ya fara yin shiru, in ba a rubuta ba a ɗauki murya ba shi kenan sun bi kayen mushena. Wayar ma ai sai an zuba mata abu, waƙar da za a sa cikin WhatsApp sai wani ya zauna ya tsara ta tukuna.

Dubi maƙwabtanmu na Najeriya. Tun gasar rubutu ta 1933 sunka samu Abubakar Imam, ya rubuta Ruwan Bagaja, daga baya Magana Jari Ce, anka buga a Zariya anka shigar makarantu, yau ka samu tsoho ɗan shekara 70 a Katsina ya ba ka labarin aku da Waziri kamar jiya ya karanta, jikanshi ma ya sani. Abu guda ya haɗa kaka da jika. Mu nan mi ya haɗa mu? Ba wai ba a taɓa gwadawa ba, tun 1973 anka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, a 1999 anka tsaida ƙa'idar rubutun harsunanmu, akwai maɗaba'a irin Gashingo a Yamai da ta daɗe tana fama da buga littattafai cikin harsunan ƙasa har da na yara, Allah ya saka musu. Amma gwajin nan ya fi shekara 50 ana kiranshi gwaji, kuma ɗan abin da anka buga yawanci sai wani shiri na masu ba da tallafi ya biya, in shirin ya ƙare littafi ya ɓace, bai kai kasuwa ba balle gida.

Yanzu ga shi kundin dokokin ƙasa da anka sa ma hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma harshe bai zama na ƙasa da takardar doka kaɗai, ranar da yarinya a Tawa za ta kwanta rub da ciki bisa tabarma tana karanta waƙa da Hausa tana dariya ita kaɗai, ranar ne zan ce an yi. Kuma ina so ɗan Zabarma da ɗan Buzu da ɗan Fulani da ɗan Barebari su samu nasu haka nan, kar mu manta Bubu Hama da nake ta ambato ba Bahaushe ba ne, kuma bai ware tatsuniyar kowa ba da ya tashi tattarawa.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada kamar yadda ake zato. A nemi izinin iyalan marubutan nan da maɗaba'un da ke riƙe da haƙƙin littattafansu a juya su zuwa harsunanmu, a buga su ƙanana a takarda mai arha yadda uba zai iya saye da kuɗin goron yini guda. A CELHTO da IRSH, cibiyoyin binciken tarihi da al'adu da ke Yamai, akwai muryoyin tsofaffi da anka ɗauka tun shekaru da dama, a buɗe su ga matasa masu rubutu da masu zane. Kowace ma'aikatar magajin gari da ke iya sayen kujerun roba na taro tana iya sayen akwatin littafi guda ga kowace makaranta. Gidajen rediyon gari su ba da minti goma sha biyar da maraice ga waƙar yara. Sannan wanda ya rubuta a biya shi, a biya shi da gaske, a sa sunanshi a bango, don ba za ka ce ma mutum ya kwana yana auna baiti ba sannan ladanshi ya zamo "Allah shi yi albarka" kawai, shi ma yana da iyali. In an tashi ba da kyautar adabi a ware ta mai rubuta ma yara, a kira malamin ƙauye gaban jama'a a miƙa mai tun yana da rai.

Mu iyaye ma da namu. Muna sayen kati na jikka guda a kwana biyu ba mu ji komi ba, in an ce littafin yaro dala ɗari sai mu ce tsada.

Ni dai ga ɗan abin da na fara. Na bi ƴan ajinmu na da ɗaya bayan ɗaya, wasu na nan Tawa, wani na Agadas, wani na Kwatano yana saida kaya, na ce kowa ya turo min abin da ya tuna na waƙoƙin mushenmu da murya. Wata da ke aure a Ƙonni ta rero ta ƙirga tun daga ɗaya har goma ba ta yi tuntuɓe ba, tana gamawa ta fashe da kuka cikin saƙon. Zuwa yanzu mun haɗa bakwai cikakku da rabin ta takwas, na buga su a kwamfuta, wani yaro ɗan lise mai hannun zane ya yi min shamuwa da gawo, na kai anka yi hotokwafi guda talatin na raba ma ajina, ɗiyata ta ɗauki guda ta riga ta hardace har tana koya ma ƙanenta. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan koma wurin uwargidan marigayin in kai mata nata, don ta aiko min cewa ta ga wani kaye cikin tsohuwar jakkarshi ta zuwa makaranta, ba ta san ko na waƙoƙin ba ne ko na lissafi.